Me Ya Sa Sulusi, Ba Rabi Ba?

TAMBAYA

Ni ɗan kasuwa ne, hatsi nake sayarwa, kuma karatun bokona bai wuce firamare ba. Ina da yarinya a aji uku na ƙaramar sakandare, bana za ta zauna jarrabawar BECE. Tana da ƙoƙari a lissafi, amma tun da aka shiga darasin silinda da kon ta rikice. An ba su aikin gida: kon mai faɗin baki santimita 14, tsayin gefensa santimita 25, a nemo abin da cikinsa zai ɗauka. Ta samu 5,133 da 'yan kai, malami ya soke ya rubuta 1,232. Ta rantse mini ƙa'idar da aka ba su ta bi. Sannan ta yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Wai alwatika rabin mai kusurwa huɗu ce, to me ya hana kon ya zama rabin silinda, sai kashi ɗaya cikin uku? Ta tambaya a aji an ce mata haka ƙa'idar take, ta haddace kawai. A taimaka mana da bayanin da ni ma zan gane, don in zauna da ita.

Wani mahaifi, daga Kano

AMSA

Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, kai kuma ya saka maka da alheri da ba ka kore ta da tambayarta ba. Tambayar rabi da sulusi ba ta rikitaccen yaro ba ce, ta mai tunani ce, kuma tana da amsa. Ba zan ɗora wa malaminta laifi ba, don aji a cike yake, manhaja da tsawo, ga jarrabawa ta ƙarato. Amma "haddace kawai" ba ta isar da yaro ko'ina a wannan darasi, domin da zarar an juya tambayar kaɗan, haddar ta watse.

Mu fara da silinda, don ita ce tushe. Silinda ita ce siffar gwangwanin madara, ko durum, ko rijiya: gindi da'ira, baki da'ira, faɗinsu ɗaya, bango a miƙe. Ka ɗauke ta kamar faya-fayai masu girma ɗaya da aka ɗora wani bisa wani har suka yi tsayi. Idan ka san filin da faifai guda ya rufe, ka san tsayin da aka jera, ka san komai. Girman ciki shi ne filin gindi sau tsayi. Abin da ake rubutawa a allo da haruffa, πr²h, wannan maganar ce kaɗai: πr² filin da'irar gindi, h kuma tsayi. Harafin r shi ne radiyos, wato daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta, rabin faɗin ke nan. Shi kuma π, da ake kira fai, a aji ana ɗaukarsa 22/7.

Ga durum na ƙarfe irin wanda ake tara ruwa. Mu ce faɗin bakinsa santimita 56, tsayinsa 84. Rabin 56 shi ne 28. Filin gindi: 22/7 sau 28 sau 28, ya ba da 2,464. A ninka da 84, a samu 206,976. Wannan adadin na santimita kubik ne, wato 'yan dunƙulaye masu santimita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, kuma dubu daga cikinsu ne lita guda. Durum ɗin na cin lita 207 ke nan, jarka takwas mai lita 25 da ɗan saura. Duk ɗan garuwa zai gaskata maka wannan lissafi ba tare da ya taɓa jin sunan fai ba.

Yanzu kon, siffar mazurari: da'ira a gefe guda, tsini a ɗaya gefen. Kafin kowane bayani, ina so ku gani da idonku, don gani ya kori ji. Ku nemi gwangwani wanda aka cire murfinsa gaba ɗaya, da kwali mai laushi irin bangon littafin rubutu. A naɗe kwalin ya yi tsini, a zura shi cikin gwangwanin har tsinin ya taɓa tsakiyar gindi, sannan a sassauta naɗin sannu a hankali har kwalin ya manne da bakin gwangwanin ta ko'ina. A liƙe shi da salatif a haka, a zana layi daidai bakin, a yanke abin da ya yi sama da almakashi. Kun samu kon mai baki ɗaya da tsayi ɗaya da gwangwanin. Ita yarinyar za ta cika shi da gero, ta shafe bakin da rula kada ya yi tsororo, ta juye a gwangwani. Na farko zai tsaya can ƙasa. Na biyu, wanda a zatonta shi zai cika, zai bar sarari a sama. Sai na uku ya kawo baki. Ka bar ta ta maimaita da yashi, ta sake da wani gwangwani dogo siriri da kon ɗinsa, ta ga ukun nan ba ta canzawa. Sharaɗin dai shi ne baki ɗaya, tsayi ɗaya. In aka saɓa wannan, babu maganar sulusi tsakaninsu.

Gwaji ya nuna haka abin yake. Saura dalili, wanda shi ne ainihin abin da ta tambaya.

Alwatika a shimfiɗe take bisa takarda. Tana tsukewa ta fuska ɗaya kawai, daga dama da hagu. Idan ka hau rabin tsayinta, faɗinta ya koma rabi, shi ke nan. Kon kuwa yana tsukewa ta fuska biyu a lokaci guda, dama da hagu, gaba da baya. Idan ka hau rabin tsayinsa ka yanka shi a kwance, da'irar da za ka gani faɗinta rabin na gindi ne, amma filinta ba rabi ba ne, rubu'i ne, domin rabi sau rabi rubu'i ne. Saboda haka kon ya fi alwatika saurin ramewa, dole rabonsa ya gaza rabi.

Za a iya bin wannan da alƙalami har a ga sulusin ya fito, kuma yarinya 'yar aji uku za ta iya. A kifa kon tsininsa sama, a yanka shi a kwance gida goma masu kauri ɗaya. Yanka na farko daga tsini, faɗinsa kashi 1 cikin 10 na gindi, na biyu kashi 2, haka har na goma. Fili kuwa faɗi sau faɗi yake bi, don haka idan filin gindi 100 ne, filayen yankan su ne 1, 4, 9, 16, 25, 36, 49, 64, 81, 100. A tara su, 385. Silinda mai gindi ɗaya da tsayi ɗaya, yankanta goma kowanne 100 ne, jimla 1,000. Sai dai 385 ta ɗan yi yawa, don kowane yanka mun auna shi ta ƙasansa mai faɗi. Idan muka auna ta samansa mai tsuke, lissafin zai fara daga 0 ya tsaya a 81, jimla 285, ita kuma ta yi kaɗan. Gaskiyar tana tsakanin 285 da 385 cikin 1,000, kuma tsakiyarsu 335. Sulusin 1,000 shi ne 333 da ɗan kai. Idan aka yi yanka 100 maimakon goma, adadin zai faɗa tsakanin 328,350 da 338,350 cikin miliyan ɗaya. Duk sa'ad da aka ƙara sirantar yankan, iyakokin biyu na ƙara matsowa, kuma sulusi suke matsewa a tsakani.

Ta yi wa alwatika irin wannan aikin ta gani. Ita faɗi kawai ake tarawa: 1, 2, 3 har 10, jimla 55 cikin 100 ta gefen yawa, 45 ta gefen kaɗan, tsakiya 50. Ga rabinta nan. Tunanin yarinyar daidai yake a kan takarda. Abin da ya rage mata shi ne fuska ta biyun da abu mai ciki yake da ita. Dala ma haka take, irin dalar gyaɗa da aka san Kano da ita a da: sulusin akwatin da zai rufe ta ce, kuma dalilin ɗaya ne.

Ka faɗa mata kada ta ji kunyar cewa abin bai zo mata da sauƙi ba, don masana ma sai da suka daɗe a kansa. Lissafin silinda tsoho ne ƙwarai. A takardar Rhind ta tsohuwar Masar, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yanzu kuma tana gidan tarihin Birtaniya a Landan, akwai tambaya a kan rumbun hatsi mai siffar silinda, faɗinsa kamu 9, tsayinsa kamu 10. Ya cire kashi ɗaya cikin tara na faɗin ya rage 8, ya ninka 8 sau 8 ya samu 64, ya ninka da 10 ya samu 640. Da 22/7 za mu samu 636 da ɗan kai. Ka ga filin gindi sau tsayi ne tun wancan zamani, kuma a kan hatsi aka yi shi, sana'arka. Sulusin kon kuwa ya fi wuya. Arkimidis, masanin birnin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rubuta cewa Dimokritus ne ya fara faɗin sa ba tare da hujja ba, sai daga baya Yudoksus ya kafa hujjar. Tana nan a kashi na 12 na littafin Yuklid, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, mas'ala ta 10. Muhammadu bin Musa al-Khawarizmi ma, a littafinsa na aljabra da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara 820 Miladiyya, ya kawo babin awo, a ciki har da wannan ƙa'ida ta sulusin filin gindi sau tsayi.

Shi kansa 22/7 ba shi ne fai daidai-wa-daida ba, kusa ne kawai. Arkimidis ɗin nan ne ya nuna, da siffa mai gefe 96, cewa fai ya gaza 22/7 kuma ya fi 223/71. Amfanin sanin haka a ɗakin jarrabawa shi ne: masu tsara tambaya kan zaɓi radiyos irin 7, 14, 21 ko 3.5 don bakwai ɗin ta soke. Ta riƙa sokewa kafin ta ninka, aikin zai yi sauƙi, kuskure ya ragu. In kuma takarda ta ce a yi amfani da 3.14 ko 3.142, abin da aka ce shi za ta bi.

Sai aikin gidan nata. Gaskiya ta faɗa maka, ƙa'idar ta bi. Na bi sawun lissafinta: 22/7 sau 14 sau 14 ya ba ta 616, ta ninka da 25 ta samu 15,400, ta raba uku ta samu 5,133 da ɗan kai. Ninkawa da rabawarta babu kuskure ko ɗaya. Adadin da ta zuba a cikin ƙa'idar ne ba daidai ba, har guda biyu.

Na farko, 14 faɗin baki ne gaba ɗaya, wato dayamita. Ƙa'ida radiyos take so, 7. Wannan kuskure mai tsada ne, don radiyos sau kansa ake yi: ninka shi biyu, amsa ta ninka huɗu. Filin gindi na gaskiya 22/7 sau 7 sau 7 ne, 154, ita kuwa ta samu 616.

Na biyu ya fi ɓoyewa. Kon tsayi biyu gare shi. Akwai na gangare, wanda za ka auna in ka kwantar da rula a jikinsa daga tsini zuwa baki. Akwai kuma na tsaye, daga tsini kai tsaye zuwa tsakiyar gindi, ta ciki. Girman ciki da na tsaye ake nemansa, saboda yankan da muka jera ɗazu a tsaye suke hawa, ba a gangare ba. Ta ɗauki kon ɗin kwalinta ta kifa a tebur, ta ɗora littafi a kwance bisa tsinin, ta auna daga tebur zuwa littafin, sannan ta auna jikin kon ɗin. Za ta ga na gangare ya fi tsawo, kuma kullum haka yake. A tambayarta 25 na gangare ne, an ɓoye na tsayen da gangan don a ga ko ta tuna da ƙa'idar Faitagoras. Radiyos da tsayin tsaye da na gangare suna haɗa alwatika mai kusurwar tsaye, na gangaren shi ne dogon gefe. Saboda haka 25 sau 25, wato 625, a cire 7 sau 7, wato 49, saura 576. Adadin da za a ninka da kansa ya ba da 576 shi ne 24. To, 154 sau 24 ya zama 3,696, a raba uku, 1,232. Amsar malami ta fito.

Waɗannan adadi uku, 7 da 24 da 25, za ta riƙa cin karo da su, haka 3, 4, 5 da 5, 12, 13 da 8, 15, 17. Wannan kam haddarsu na da amfani, tunda ta san inda suka fito. Abin da na fi so ta saba da shi dai shi ne zane. Kafin ta taɓa ƙa'ida, ta zana siffar, ta ɗora kowane adadi a mazauninsa, ta tambayi kanta: wannan faɗi duka ne ko rabi, wannan tsayi a tsaye yake ko a gangare? Zanen ba ya cin minti ɗaya, kuma da ta yi shi a aikin nan, da 14 da 25 duk ba su ruɗe ta ba.

Akwai tarko na uku da bai kama ta a nan ba, amma yana kama yara da yawa, shi ne ma'auni. A ba da radiyos a santimita, tsayi a mita, yaro ya ninka su a haka. Sai an mayar da su ma'auni ɗaya tukuna. Kuma mita kubik ɗaya ba santimita kubik 100 ba ce, 100 sau 100 sau 100 ce, miliyan ɗaya, daidai da lita 1,000. In ta gama kowane lissafi ta mayar da amsar lita a ranta ta duba ko hankali zai ɗauka. Amsar aikin nan, 1,232, lita ɗaya da ɗan ƙari ce, kuma mazurari mai bakin santimita 14 zai iya cin haka. Lita biyar ba za ta shiga ba.

Alhaji, kai ma kana da abin koya mata, don kullum kana auna kon a rumfarka. Hatsin da ke hawa bisa bakin mudu in an cika shi ya yi tsororo, kon ne. Mu ƙaddara mudu mai faɗin baki santimita 21, tulin ya hau santimita 6. Radiyos 10.5, filin baki 346.5, sau 6 ya zama 2,079, sulusinsa 693. Wajen kashi bakwai cikin goma na lita ke nan a saman mudu kaɗai. Wani mudun mai bakin santimita 14, tulinsa ba zai kai haka ba, don hatsi na zamewa in gangaren ya yi yawa. Mu ce santimita 4. Filin baki 154, sau 4 ya zama 616, sulusinsa 205. Ko da cikin mudun biyu ɗaya ne in an shafe, mai faɗin bakin ya fi ba da awo da kusan rabin lita duk cikawa. Ka san wannan da hannunka tun kafin a haife ta. Ka ba ta rula ta auna mudunka da kanta ta fitar maka da adadin, za ka ga yadda darasin zai zauna mata.

Tambayoyin da za su zo a jarrabawa duk daga wannan tushe suke. In an haɗa siffa biyu, kamar rumbu mai jikin silinda da rufi mai tsini, a lissafa kowanne daban a tara. Faɗin mita 2.8, bango mita 2, rufi mita 1.5 a tsaye: filin gindi 6.16, jiki 12.32, rufi 3.08, jimla mita kubik 15.4. Rumbunan ƙasa na gaske sukan yi tumbi a tsakiya, ba su miƙe sosai ba, don haka wannan ƙiyasi ne gare su, amma na takardar jarrabawa a miƙe yake. In kuma an juya tambayar, aka ba da girman ciki aka ce a nemo tsayi, sai a koma da baya. Tanki mai cin lita 1,540, radiyos ɗinsa santimita 70: lita 1,540 ita ce santimita kubik 1,540,000, filin gindi 15,400, a raba na farko da na biyu, tsayi santimita 100. Da kon ne, sai a fara ninka girman cikin sau uku kafin a raba, don a mayar da shi silindarsa. Yaron da ya san filin gindi sau tsayi ba ya bukatar sabuwar ƙa'ida don wannan.

Ga wata da nake so ta gwada, don tana yawan kayar da manya ma. An riƙe mazurari tsininsa ƙasa, an toshe, an zuba ruwa har rabin tsayinsa. Kashi nawa na cikinsa aka cika? Yawancin mutane za su ce rabi, wasu su ce rubu'i. Ruwan da ke ciki shi ma ƙaramin kon ne: radiyos ɗinsa rabi, don haka filin samansa rubu'i, tsayinsa kuma rabi. Rubu'i sau rabi sumuni ne, kashi ɗaya cikin takwas. Kada ka faɗa mata amsar. Ta yi wani ƙaramin kon na kwali mai rabin faɗi da rabin tsayin na farko, ta fara rubuta hasashenta a takarda, sannan ta auna da yashi mai laushi. Sau takwas zai cika babban kon ɗin, sau 24 kuma ya cika gwangwanin.